Wasan yaƙin tebur a wajen Ingila da Amurka: masana'anta mai tsayuwa da ƙafarta ce, ko 'yar rakiya?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk inda aka buɗe maganar wasan yaƙi da ƙananan sojoji, Nottingham ake ambata, birnin Ingila da kamfanin da ke yin wasan Warhammer yake, sai kamfanonin Amurka. Shin ƙasashen da ba sa Turanci ba su da komai ne sai saye? In akwai abin da suke ƙerawa, mene ne, kuma yaya ake aiki da shi?

Mai Taswira: Wa alaikumus salam. Ai tushen abin ma ba na masu Turanci ba ne. A masarautar Prussia ta Jamus aka tsara Kriegsspiel, wasan yaƙi na horar da hafsoshi, wanda Georg von Reisswitz ƙarami ya gabatar wa rundunar soja a 1824, bisa aikin da mahaifinsa ya fara. Taswira ake shimfiɗawa, a ɗora 'yan tubala ja da shuɗi, alƙali ya zauna tsakani yana yanke abin da kowane ɓangare ya gani da abin da bai gani ba. Jamusawa kuma sun daɗe da 'yan sojojin kuza masu faɗi kamar faifai, masu tsawon milimita 30, har akwai gidan tarihinsu a fadar Plassenburg da ke Kulmbach. Abin da Ingila ta yi shi ne mayar da wasan kasuwa. A yau in kana neman dokoki, Faransa na da SAGA da L'Art de la Guerre, Italiya na da Impetus, Sifaniya na da Infinity, Poland na da By Fire and Sword, Jamus na da Freebooter's Fate, Girka na da Conquest.

Baban Dara: Malam Mai Taswira, jerin sunaye ba hujja ba ne. Ka ɗauki kamfanonin Poland irin su Kromlech da Puppetswar, ka duba abin da ya ɗaga su: kawuna, makamai da kayan canji da mai Warhammer zai liƙa wa rundunarsa. Da aka rufe Warhammer Fantasy a 2015, 'yan wasan Turai suka haɗu suka rubuta dokokin The 9th Age a madadinsa, masu zubi a Sifaniya da Poland suka cike giɓin sojoji. Madalla. Amma wa ya haƙa rijiyar da duk suke ɗiba? Ni a ganina yawancinsu inuwar giginya suke sha, ba su dasa tasu ba.

Maƙeri: Baba, akwai gaskiya a maganarka, amma dalilin ba rashin basira ba ne, gidan zubi ne. Hanyoyin ƙera ɗan soja huɗu ne, kuma kowace tana yanke wa kamfani irin wasan da zai iya sayarwa.

Filastik mai tauri, irin wanda ke zuwa a jikin firam, sai an sassaƙa masa gidan zubi na ƙarfe, a riƙa tura narkakken filastik ciki da matsi. Kuɗin gidan zubin ne ke karya baya, amma in an gama shi kowane firam arha ne, kuma zai yi shekaru yana aiki. Ba ka mayar da kuɗinka sai ka sayar da dubbai. Sannan gidan ƙarfe ba ya lanƙwasa, don haka duk wani lungu da zai riƙe abin zubi sai an yanka sojan gunduwa-gunduwa.

Zubin ƙarfe kuwa gidansa faifan roba ne guda biyu da aka gasa a kan samfuri. A ɗora a inji mai juyawa, a zuba narkakken haɗin kuza ta tsakiya, juyawar ta watsa shi cikin ramuka. Gidan ba tsada, roba tana lanƙwasa ta saki lungu, abin da ya lalace a mayar tukunya. Illarsa biyu: robar tana ƙonewa da yawan zubi, kuma kuɗin kuza yana cikin kowane soja, ba ya raguwa don ka buga da yawa. Rezin, wato ruwan roba mai daskarewa da ake zubawa a gidan silikon, ya fi fitar da ƙananan zane, amma gidan yana saurin yagewa. Ta huɗun ita ce SioCast, fasahar Sifaniya, wadda ke tura filastik cikin gidan silikon, tsaka-tsaki ke nan.

To, kamfanin da kasuwar gidansa ƙarama ce, me zai zaɓa? Ƙarfe ko rezin, da wasan da mutum goma zuwa ashirin suka isa runduna. Shi ya sa ƙarfin Turai ta nahiya yake a wasan arangama, ba a yaƙin sahu-sahu na ɗaruruwa ba.

Mai Taswira: Infinity shi ne shaidar wannan. Kamfanin da ke yin sa, Corvus Belli, a Cangas ya soma, gaɓar teku a yankin Galisiya. Da sojojin tarihi na milimita 15 suka fara, sannan suka fitar da Infinity a 2005. Ba ya jingina da dokar kowa. Dayis mai fuska 20 ake jefawa, kana son lamba mafi girma da ba ta wuce gwanintar sojanka ba. Kowane soja yana ba ka umarni ɗaya, umarnan a tara su wuri guda, kana iya ƙarar da su duka a kan soja ɗaya in ka ga dama. Abin da ya bambanta shi sosai shi ne, a lokacin da kake tafiya abokin karawarka ba zaune yake ba: duk sojansa da ya hango naka yana da damar mayar da martani, ya harba ko ya kauce. Cikakken wasa maki 300 ne, wato jimillar ƙimar sojojin da kowa zai zaɓa, a tebur mai ƙafa 4 kowane gefe, tun bugu na huɗu kuma aka ƙayyade soja 15.

Inda sababbi ke faɗuwa shi ne kayan fili. In ka jera gine-gine kaɗan kamar yadda ake yi a wasu wasannin, maharbi ɗaya a saman bene zai kulle tebur duka, wasan ya mutu tun zagayen farko. Ka sunkuya, idonka daidai da kan soja, ka duba daga wannan gefe zuwa wancan. In ka ga hanya miƙaƙƙiya da ta ratsa tebur ba abin da ya tare ta, sa akwati ko mota ka katse ta. Kuma kada a sa gini mafi tsawo a cikin yankin da ɗan wasa ke jera sojojinsa.

Sabon Shiga: An ce sojojin Infinity suna da wuyar haɗawa, hannu yana ta faɗuwa. Gam ne ba shi da kyau?

Maƙeri: Ba gam ba ne, ƙanena, shiri ne. Ana barbaɗa hoda a gidan zubi don ƙarfe ya gudana, ragowarta da maiƙon hannu suna hana gam kamawa. Fara da wanki: ruwa mai ɗumi, sabulun wanke-wanke, tsohon burushin haƙori, a bar su su bushe sarai. Kankare layin zubi da bayan wuƙa, ka bi da siririn magagari. Gwada haɗin ba gam tukuna. In akwai tazara, ka goge fuskokin biyu har su zauna, domin sufagulu ba ya cike rami, siririn shafi yake so tsakanin fuska biyu da suka haɗu. Yawan gam shi ke sa haɗi ya ƙi bushewa, ya kuma bar farin dusa a gefe.

Hannun da ke ɗauke da doguwar bindiga, ko sojan da ke tsaye a ƙafa ɗaya, sai an sa masa ƙusa. Huda da ɗan abin huji na hannu mai bakin milimita 0.8, zurfin milimita 2 zuwa 3 a kowane ɓangare, ka yanko wayar tagulla mai kauri ɗaya da bakin. Don ramukan su dace, sa wayar a ɓangare ɗaya, ɗiga fenti a bakinta, danna ɗaya ɓangaren, inda fentin ya taɓa nan za ka huda. In hannu biyu ne suka riƙe makami ɗaya, ka liƙa su lokaci guda da gam mai kauri wanda ke ba da daƙiƙoƙin gyara. In ka bari ɗaya ya bushe tukuna, na biyun ba zai taɓa kaiwa kafaɗa ba.

Uwar Fenti: Ku bar ni in shigo, domin an tsallake inda amsar tambayar ta fi fitowa fili. Baba ya ce inuwar wani suke sha. To a fagen fenti su ne bishiyar. Vallejo a kusa da Basalona yake, AK Interactive da AMMO da Scale75 da Green Stuff World duk na Sifaniya ne, The Army Painter na Denmak, Kimera na Italiya, Tamiya da Mr. Hobby na Japan. Ka shiga ɗakin mai fenti a Landan ko Chicago, da wuya ka rasa kwalbar Sifaniya a teburinsa. Ƙaramar kwalbar nan mai bakin ɗigo, ta mililita 17 ko 18, ta canja yadda mutane ke aiki: fenti ba ya bushewa a baki kamar na gwangwani mai murfi, kuma kana iya ƙirga ɗigo, ka rubuta haɗinka, ka maimaita shi bayan wata shida.

Sai dai tana da halinta. Launi yana kwantawa a ƙasa, ruwan haɗi ya taso sama. Wanda ya matsa bai girgiza ba zai ga ruwa-ruwa mai sheƙi da ba ya rufe komai, ya ce fentin ba shi da kyau. Jefa ƙwallon gilashi ko na ƙarfe marar tsatsa a ciki, ka girgiza minti ɗaya cur. In bakin ya toshe, kada ka ƙara matsi, bakin ne zai fice gaba ɗaya fenti ya wanke tebur. Zura allura.

Baban Dara: Hajiya, fenti hidima ce ga wasa, ba wasan ba. Har yanzu a kan sojan wani ake shafa shi.

Uwar Fenti: Baba, in wanda ke Nottingham ba ya gama rundunarsa sai da kwalbar Basalona, wa ke yi wa wa rakiya? Sannan ba hidima kaɗai ba ce, makaranta ce. Salon fentin da ake ji da shi a gasa, na zana hasken ƙarfe ba tare da fentin ƙarfe ba da na fitar da haske daga gefe ɗaya, masu fentin Faransa da Sifaniya da Italiya sun taka rawa babba wajen yaɗa shi. Hotunan wasan Confrontation na kamfanin Rackham na Faransa sun buɗe wa mutane da yawa ido, kuma gasar Monte San Savino a Italiya tana cikin waɗanda gwanaye ke ɗauka da girma.

Mai Taswira: Tunda an ambaci Rackham, darasinsu na cikin wannan muhawara. Sun yi suna da sojojin ƙarfe masu kyan sassaƙa. Sai suka juya zuwa filastik da aka riga aka fente a masana'anta, da wasan AT-43 sannan da sabon Confrontation wajen 2007. Masu sayensu na asali masu son fenti ne, an ɗauke musu abin da ya kawo su, sababbin da aka yi tsammani kuma ba su cike gurbin ba. A 2010 kamfanin ya rufe. Ni abin da na ɗauka shi ne, ƙaramin kamfani da ya bar abin da ya fi kowa iyawa ya shiga kokawar yawa, ƙarshensa ke nan.

Amma ina da saɓani da Maƙeri a wuri ɗaya. Gidan zubi ba shi kaɗai ba ne, harshe ma shinge ne. Wasa ba ya ƙetare iyaka sai ya fito da Turanci, fassarar doka kuma ba kamar fassarar labari ba ce. Kalma ɗaya da ke nufin “yana iya” ta koma “dole ne”, an sami wasa biyu daban. Ga kuma awo. Infinity ya daɗe yana da santimita a bugun Sifaniyanci, inci a na Turanci: tafiyar santimita 10 ta zama inci 4, alhali inci 4 santimita 10.16 ne. Bambancin kamar ba komai, amma a dogon zangon harbi yana taruwa ya wuce santimita guda. Kafin a jefa dayis na farko, a yarda da awo ɗaya da bugu ɗaya.

Maƙeri: Na karɓa, Malam. Shi ya sa dabarar Faransawa ta burge ni: sun cire rula daga maganar. SAGA na Studio Tomahawk sanduna huɗu yake amfani da su, doguwa inci 12, matsakaiciya 6, gajera 4, 'yar mitsitsiya 2. L'Art de la Guerre na Hervé Caille kuma yana awo da faɗin mazaunin runduna, wato ɗan faifan da ake liƙa sojoji a kai, santimita 4 a sojojin milimita 15.

Sabon Shiga: Wanne ya fi sauƙin farawa a cikin biyun? Soja nawa ake buƙata?

Mai Taswira: SAGA lissafinsa a tafin hannu yake. Maki ɗaya yana sayo maka zaratan dogarai 4, ko mayaƙa 8, ko 'yan gayya 12. Sarkin yaƙi kyauta ne. Cikakken wasa maki 6, wato tsakanin soja 25 da 73 gwargwadon zaɓinka, a tebur santimita 120 da 90. A fara da maki 4: dogarai maki biyu, mayaƙa maki biyu, da sarkin yaƙi, soja 25 ke nan. Zuciyar wasan allon yaƙi ne, kowace al'umma da nata, kana jefa dayis na musamman har 8 kana ɗora su a kan dabarun da kake so. Kuskuren da aka fi yi shi ne narkar da dayis duka a kan dabarun kai hari, a wayi gari ba wanda ya rage na motsa runduna. Na biyu, mantawa da gajiya: rundunar da ka matsa mata ta tara gajiya, abokin gaba ne zai kashe gajiyar a kanka, ya rage maka tafiya ko sulke.

L'Art de la Guerre yaƙin sahu ne, maki 200, runduna kashi uku kowanne da kwamandansa, tebur 120 da 80 a milimita 15. Gaban kowane mazauni milimita 40. Zurfi ne ke bambanta su: dakaru masu nauyi 30, matsakaita 40, mahaya 30, dakaru marasa nauyi 20. Ka yanke mazaunan da kyau, ko ka sayi waɗanda aka yanka da leza. Kwali mai laushi yana lanƙwashewa in gam ɗin yashi ya jiƙa shi, sahu ya ƙi haɗuwa, a fara gardamar wa ya taɓa wa.

Baban Dara: To ga tambaya. In filastik mai tauri ya fi ƙarfinsu, Italeri da Zvezda fa?

Maƙeri: Tambaya mai kyau, Baba. Waɗannan daga kasuwar ƙera samfurin jirage da tankoki suka fito, wadda ta fi ta wasan yaƙi faɗi, ita ke biyan kuɗin gidan ƙarfe. Italeri a kusa da Bolonya, Zvezda a Rasha, Strelets da RedBox a Yukren, Caesar a Taiwan, duk suna buga ma'aunin 1/72, inda mutum mai tsawon mita 1.75 ke komawa kusan milimita 24. Kwali ɗaya kan zo da soja 40 zuwa 50, ba abin da ya kai shi arha a yaƙin tarihi. A milimita 28 ma akwai masu filastik mai tauri, Fireforge a Italiya, Archon a Poland, sai Para Bellum da Conquest wanda ya kai milimita 38. Ban ce ba a yi ba, cewa na yi kaɗan ne ke iyawa.

Uwar Fenti: A yi hattara da 1/72, yawancinsu filastik mai laushi ne mai santsi kamar kakuma, fenti ba ya son zama a kansa. Bindiga ta lanƙwashe, fenti ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. Ga tsarin da ke riƙewa. Wanki da sabulu. Layin zubi a yanke shi da sabuwar reza, kada a sa magagari ko samfefa, gashi-gashi zai tayar wanda ba ya gyaruwa. Mashin da ya karkace a tsoma a ruwan zafi daƙiƙa kaɗan, a miƙe shi, a tsoma a ruwan sanyi. Sai shafi ɗaya na farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa rabi da rabi, ya bushe kwana guda, sannan fentin shimfiɗa, sannan launi, a rufe da banish. Gam ɗin filastik irin na Tamiya ba ya narkar da wannan nau'in, sufagulu ma ba ya kamawa sai da ruwan share fage na musamman, don haka mahayi da dokinsa ƙusa za a sa musu.

In feshin gwangwani za a yi, a girgiza minti biyu, tazara santimita 20 zuwa 30, gajerun feshi ana wucewa. Nisa da yawa ko zafi mai tsanani, fenti ya bushe a iska ya sauka kamar yashi. Laima da yawa, banish ya yi fari kamar hazo. A gwada a kan soja ɗaya kafin a jera runduna.

Mai Awo: Ina biye da ku, kuma akwai abu biyu da suka sauya lissafin Maƙeri. Na farko kwastan. Daga 1 ga Janairu 2021 kayan Birtaniya suka zama kayan waje a Tarayyar Turai. Daga 1 ga Yuli na shekarar aka soke yafe harajin VAT ga kunshin da bai kai Yuro 22 ba, aka kawo tsarin IOSS na biyan harajin tun wurin saye ga kunshin da bai wuce Yuro 150 ba. Sai dokar lafiyar kaya ta GPSR a 13 ga Disamba 2024, wadda ta wajabta wa mai sayarwa samun wakili a cikin Tarayyar. Ƙananan masu zubi na Birtaniya da dama sun dakatar da aikawa, ɗan wasa a Jamus ko Beljiyam ya fara duba maƙwabtansa.

Na biyu firinta mai rezin, wadda ke gina soja shafi bayan shafi ta daskarar da rezin da haske. Elegoo da Anycubic na Sin ne, Phrozen na Taiwan, manhajar Lychee ta Faransa, Chitubox ta Sin. Masu sassaƙa a Sifaniya, Italiya da Poland yanzu fayil suke sayarwa, fayil kuma ba ya tsayawa a kwastan, ba ya buƙatar gidan zubi, ba ya buƙatar fassara.

Baban Dara: Kuma rabin fayilolin nan kamannin sojojin wa suke yi? Mun dawo gidan jiya.

Mai Awo: Ban musa ba, Baba, da yawa haka ne. Amma mai son rundunar wani ƙaramin yaƙi na tarihi da ba kamfanin da zai taɓa sassaƙa masa gidan ƙarfe, yanzu yana samu. Ga mai son gwadawa: kaurin shafi milimita 0.05, ko 0.03 don fuska ta fito. Hasken kowane shafi wajen daƙiƙa 2 zuwa 3 a firinta ta zamani, shafukan farko 25 zuwa 35 don su kama faranti, amma a buga ɗan gwajin haske da kowane sabon rezin, kada a dogara da lambar wani. A kishingiɗar da sojan baya digiri 30 zuwa 45 don sandunan tallafi su faɗa a baya da ƙasa, ba a fuska ba. In ka tarar da sanduna tsaye ba soja a kansu, ko haske ya yi kaɗan, ko bakin sandunan ya yi siriri, ko ɗakin ya yi sanyi ƙasa da digiri 20 rezin ya yi kauri. Kafin ka sake bugawa ka tace rezin, guntun da ya maƙale a ƙasan kwano yana huda ledar gindin kwanon har ya fasa allon haske.

Wanki a sifirit sau biyu, na datti sannan mai tsabta, minti 2 zuwa 3 kowanne. A cire sanduna kafin a gasa da hasken UV, a bar soja ya bushe ƙarƙaf, in ba haka ba farin alli zai fito a lunguna. Gashin hasken UV minti 2 zuwa 4, wuce haka takobi ya zama kamar gilashi. Safar hannu ta naitiril da iska mai ratsa ɗaki dole ne, ɗanyen rezin yana jawo ƙaiƙayin fata da ba ya barin mutum, kuma ruwan wankin ba a zuba shi a magudana.

Maƙeri: Ƙari ɗaya kan manyan abubuwa, dodo ko tanki da aka rarake cikinsu don tsimin rezin. Kaurin bango kada ya gaza milimita 2, ramukan zurarewa biyu aƙalla, milimita 3 kowanne, ɗaya a ɓangaren da ya fi kusa da faranti don kada ya riƙa tsotsar ledar kamar kofi. A ɗura sifirit ciki a girgiza har ya fito garau, a zura ɗan fitilar UV ta ramin. Ɗanyen rezin da aka rufe a ciki yana tsaga abin daga baya, wani lokaci bayan watanni, bayan an gama fenti. Kada a toshe ramukan sai an tabbata cikin ya bushe.